Shekarar da Mahauta Suka Daina Gaishe Ni

Ba don jikata Safiya ba, da wataƙila ban rubuta wannan babin ba. Ta dawo daga wani biki a unguwar Didawure ido jawur, ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce ga jikar wanda ya sayar da mahauta don kujera. Na yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. A nan na lura ku 'ya'yana da jikokina kun tashi kuna tsintar wannan magana gutsure-gutsure a bakin masoyana da maƙiyana, ba ku taɓa jin ta daga bakina ba. To ga ta. Kujera dai ban samu ba a wannan ciniki, rasa ta na yi, har guda biyu. Kuma ba na neman kowa ya tausaya mini, domin abin da na yi, da idona biyu na yi shi.

Kun san gidanmu gidan fawa ne tun kakannin da suka sauka Sokode da ayarin goro suka ƙi yin gaba. Baba shi ne Sarkin Fawa, bayansa Yaya Salifu ya gada. Ni kuwa bahago aka haife ni, Baba ya ce hannun hagu ba zai riƙe wuƙa a mayankarsa ba, sai aka tura ni lakol, wato makarantar boko, ba don an fi sona ba, sai don ba a san abin da za a yi da ni ba. Ikon Allah, karatun ya sake mayar da ni gindin saniya. Na fito malamin dabbobi, aka kai ni Dapaong, na yi shekaru ina bin ruga-ruga da allura a jaka, har na iya yarensu na Moba, har manyanku suka buɗe baki da ita. Da na dawo gida mutanen unguwa suka ce in tsaya musu depite, wato ɗan majalisar dokoki, kuma mahauta ne suka fara ɗaga hannuna. A wa'adina na biyu ni ne shugaban jam'iyyarmu na dukan yankin tsakiya, ni ne kuma shugaban kwamitin noma da kiwo a majalisa. Ba wanda ake tsayarwa takara daga Sotubuwa zuwa Camba sai na gyaɗa kai. Zauren gidan nan da kuke gani yau shiru, a lokacin sai an tsallake takalma kafin a shiga.

A farkon damina ta shekarar ƙarshe ta wannan wa'adi wayar ta zo. Madam Damigu ce, depite daga Dapaong, 'yar jam'iyyar da muke hamayya da ita. Tsohuwar ungozoma ce ta asibiti, doguwa, mai murya kamar ta namiji, kuma a zauren majalisa ba wanda ya kai ta caccakata. Faransanci muke faɗa da shi a Lome, amma ranar Hausa ta yi mini, Hausarta ta kasuwar Dapaong wadda ba ta raba mace da namiji.

"Depite Isufu, ba siyasa na kira ka ba. Saniya ya kashe mutane wajen Gando. Yarinyar ƙanwana ya mutu. Kai ka san shanu, ka zo ka gani da idonka."

Washegari na kama hanya. Na ɗauke ta a Dapaong muka gangaro, muka bar kwalta muka shiga laka har wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Tun kafin a gama ba ni labari na san ciwon, domin na sha haɗuwa da shi: ciwon saifa ne. Saniya tana kiwo lafiya, sai ta tsaya tana rawar jiki, kafin rana ta karkata ta faɗi, baƙin jini na fita ta hanci, jinin da ba ya daskarewa. Irin wannan ba a feɗe ta, ba a ko taɓa fatarta, rami mai zurfi ake haƙawa a binne. Amma mai saniyar talaka ne, ita ce dukiyarsa duka. Da ya ga za ta mutu sai ya yi maza ya sa wuƙa don kada ta zama mushe, ya sayar da naman da araha, maƙwabta suka yi murna. Gida uku na shiga gaisuwar mutuwa. A na huɗu na sami mutumin da ya yi fiɗar zaune a tabarma, baƙin gyambo kamar gawayi a damtsensa, yana tambayata ko zai tashi. A gidan ƙanwar Madam kuwa an ajiye jaririyar mamaciyar a cinyar kakarta, ana ba ta kunu da cokali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba a cikin gidajen na ji shi ba, a bakin garke na ji. Na tambayi mai garken ina sauran shanun da suka yi kiwo tare da wadda ta faɗi. Ya sunkuyar da kai ya ce wani dillali ya zo da kamiyo, babbar motar kaya, tun shekaranjiya, ya kwashe masu alamar zazzaɓi a rabin kuɗi, ya yi kudu da su. Ni ɗan gidan fawa ne, na san inda irin wannan kamiyo yake tsayawa. Na san akwai mahauta a garinmu da suke jiran sa, su yanka da sassafe kafin dabbar ta nuna kanta, kafin azahar naman ya shiga tukwanen mutane, har da tukunyar gidana.

Kwana huɗu na yi a Dapaong a gidan Madam Damigu, muna zaune ƙarƙashin mangwaro da takardu, muna rubuta ƙudurin doka. Da farko abin da muka rubuta sanda ce kawai: kada a yanka dabbar sayarwa sai likita ya duba ta da rai, ya sake duba naman ya buga hatimi, wanda ya saɓa a hukunta shi. Sai na ce a kira mana mahautan kasuwar Dapaong mu karanta musu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani tsoho a cikinsu, Baba Garba, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tofar da goronsa.

"Ranka ya daɗe, wannan doka za ta ƙara kashe mutane. Ka ce in saniyata ta kamu in binne ta in koma gida hannu rabbana? To ba zan kawo ta mayanka ba. A bayan gida zan yanka, inda likitanka ba ya gani."

Maganar tsohon nan ita ta gyara dokar, kuma na sha faɗa a bainar jama'a cewa rabin ladan nasa ne. Muka sake zama. Muka sa allurar rigakafi kyauta kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Muka sa cewa duk wanda aka binne masa dabba za a rage masa asara daga wani asusu. Muka sa cewa yanka yana nan a hannun mahauta da limaminsu yadda aka gada, ba za a miƙa shi ga wani kamfani ba, kuma Sarkin Fawa na kowane gari yana da kujera a kwamitin mayanka. Wannan layi na ƙarshe da hannuna na rubuta shi, ina tunanin mutum ɗaya. Muka sa hannu mu biyu, sunana a sama, nata a ƙasa, abin da 'yan jam'iyyunmu ba su saba gani ba.

Labari ya riga ni isa Sokode. Na shiga babban gida na gaishe da Mma, mahaifiyarmu, wadda a lokacin idonta ya fara rauni amma kunnenta yana jin faɗuwar allura. Kafin in gama shan ruwa Yaya Salifu ya shigo. Ku da kuka san shi da tsufa ba ku san shi ba. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu, kuma tun muna yara ban taɓa ɗaga ido na kalle shi yana magana ba. Bai zauna ba.

"Isufu, an ce ka je arewa kai da matar nan kun rubuta cewa mu masu sayar da mushe ne."

"Yaya, ba haka aka rubuta ba. Bari in karanta maka."

"Ka karanta wa wa? Baba kallo ɗaya yake yi wa saniya ya gaya maka abin da ta ci jiya. Ni shekara nawa ina wannan aiki, wa ya taɓa cin namana ya kwanta? Yanzu sai wani mai farar riga ya zo ya tsaya a kaina, in jira shi ya gama karyawa kafin in ce bismillah? Kuma ka san ƙarshen hatimin nan. Mai abin hannu za a buga masa ko kare ya yanka, talaka a hana shi. Ƙofar cin hanci ka buɗe a mayankar ubanka."

Ina so ku sani, maganarsa ba ta banza ba ce. Shi kansa bai taɓa sayen dabba marar lafiya ba, kowa ya shaida. Tsoron da ya yi na cin hanci kuwa, ni ma ina da shi. Na ce masa ba don shi aka yi dokar ba, don waɗanda suke tare kamiyo a bakin gari aka yi ta, kuma ya san su kamar yadda na san su. Nan fuskarsa ta canza. Ya ce in ambaci suna ɗaya in na isa. Ban ambata ba, domin sunayen na 'ya'yan baffanninmu ne da surukanmu. Mma ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku biyun nan nono ɗaya kuka sha. Isufu, in gyara kake so, me ya hana ka fara zuwa wurin yayanka kafin ka je wurin bare?"

A nan ta kama ni, kuma har yau na yarda wannan kuskurena ne. Da na tsaya Sokode na fara zama da shi, da wataƙila rabin abin da ya biyo baya bai faru ba. Mutum ne da za ka iya karɓar rigarsa in ka roƙa, amma ba ka taɓa hularsa a gaban mutane. Na ba shi haƙuri a kan wannan. Ya ce haƙurin da zai karɓa ɗaya ne, in janye takardar. Na ce wannan kam ba zan iya ba. Ya juya ya fita, labule yana kaɗawa a bayansa.

Mako bai cika ba aka kira ni Lome. Babban sakataren jam'iyyarmu, Mesiye Ayite, mutum ne mai sanyin magana, kuma ba zan ce mugu ne ba, aikinsa ya ci zaɓe ne. Ya sa aka kawo mini shayi, ya yaba wa dokar, ya ce shi kansa zai ɗaga mata hannu, amma bayan zaɓe. Ya ce mahauta da dillalai da direbobin shanu daga Sinkase har teku hannu ɗaya ne, in suka juya mana baya unguwannin zango sun tafi. Ya ce kuma ba a taɓa jin shugaban yanki ya haɗa suna da 'yar hamayya ana saura 'yan watanni a jefa ƙuri'a ba. Na bayyana masa dalilina. Damina ce lokacin ciwon, kuma muna cikinta. In wa'adin majalisa ya ƙare ƙudurin ya mutu, sai an sake daga farko. Madam Damigu ta riga ta faɗa ba za ta sake tsayawa ba, in ta tafi ba ni da wanda zai kawo mini hannuwan ɗaya ɓangaren. Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Depite, ba zan hana ka kai ƙudurinka ba, haƙƙinka ne. Amma ba za ka kai shi kana shugaban yankinmu ba. Ka zaɓa."

Na ce a ba ni kwana biyu. Na dawo gida na gaya wa mahaifiyarku, Hajiya Rakiya, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zaci za ta ce in bi a hankali, domin ita ce za ta shiga kasuwa da gidajen biki, ita za a yi wa habaici. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Alhaji, tun ranar da ka dawo daga Gando ka daina cin nama a gidan nan, kana tsammani ban lura ba. In kai ba za ka iya ci ba, don me 'ya'yan mutane za su ci? Ka mayar musu da makullinsu."

Na mayar. Makullin biro, wato ofis, hatimin jam'iyya, da motar da aka ba ni, duk na miƙa wa mataimakina a gaban shaidu, ba tare da na zagi kowa ba. Ban bar jam'iyyar ba, kuma ban taɓa barinta ba, duk da abin da ake faɗa. Daga ranar zauren gidan nan ya fara yin fili.

Aikin doka ba a zauren da kuke gani a talabijin ake yin sa ba, a baranda ake yi, da ƙofar ɗakunan mutane. Wata biyu na yi ina bin depitoci ɗaya bayan ɗaya. Na kudu na tuna musu cewa kamiyon da ya tashi daga arewa a kasuwarsu yake sauke kaya. Na ƙauye na nuna musu layin allura kyauta. Wani ya ce sai an sa aladu da awaki a ciki, aka sa. Wani ya ce hukuncin ɗauri ya yi tsanani ga laifin farko, na yarda aka mayar da shi tara. Saboda tsoron da Yaya ya faɗa, na ƙara layin da ya ce likitan da aka kama ya karɓi abin hannu hukuncinsa ya ninka na mahauci, kuma a riƙa sauya musu gari. A kwamiti mun kwana uku a kan kalma ɗaya. Madam Damigu ita ma nata mutanen suna ce mata ta sayar da kanta gare mu, sai ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Depite, ni da kai duka an sayar, amma ba wanda ya ga kuɗin."

Ranar jefa ƙuri'a a kan ƙudurin wani ɗan jam'iyyarmu, yaron da ni na tsayar da shi takara, ya miƙe ya ce abin mamaki ne ɗan mahauci ya kawo dokar da za ta tozarta mahauta. Da aka ba ni magana ban karanta takardar da na shirya ba. Na ce gaskiya ne, ni ɗan mahauci ne, da kuɗin fawa aka saya mini allon lakol, kuma shi ya sa na san mahaucin kirki ba ya tsoron a duba namansa. Na ba su labarin mutumin nan mai gyambo a damtse da tambayar da ya yi mini, na gaya musu bai tashi ba. Sannan na zauna. Da aka ce a ɗaga hannu ban iya dubawa ba, teburina nake kallo, sai da na ji Madam ta daki kafaɗata da ƙarfin da ya kusa kayar da ni. Dokar ta wuce, da ƙyar, da hannuwa daga ɓangarorin biyu. Mesiye Ayite ya same ni a baranda ya ba ni hannu, ya ce Allah ya sa kada in yi nadama.

Sai biyan farashi. Na dawo Sokode na bi ta layin mahauta kamar yadda na saba tun ina yaro, na yi sallama, ba wanda ya amsa. Wuƙaƙe kawai ke sara a kan katako. Mutanen da suka goya ni, waɗanda suke yanko mini tsire su cusa mini a aljihu ina tafiya lakol, suka mayar da fuska bango. Suka yi shawara ba mai sayar wa gidana nama, sai mahaifiyarku ta riƙa ba maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Tem kuɗi ta sayo mana a ɓoye. Da babbar salla ta zo abin ya fi ciwo. Tun da na yi aure Yaya ne yake zuwa bayan an sauko idi ya yanka mini ragon layya, saboda hannuna. Shekarar nan na zauna da rago a ɗaure har rana ta take, ina jin kabbara daga gidajen maƙwabta, bai zo ba, bai aiko ba. Limamin unguwa ne ya ji labari ya zo ya yanka. Da zaɓe ya zo jam'iyya ta bar ni na tsaya, amma ba wanda ya fito yi mini yawo. Na faɗi, kuma a rumfar zaɓe ta ƙofar gidanmu na fi faɗuwa.

Duk wannan na ɗauka, na san da shi na shiga. Abin da ban shirya masa ba shi ne Mma. Ta kwanta ciwo bayan zaɓen da kaɗan. Ni nakan je da hantsi, Yaya da la'asar, kowa yana kiyaye lokacin ɗan'uwansa don kada a haɗu. Kullum sai ta riƙe hannuna ta ce tana so ta ji muryoyinmu biyu a ɗaki ɗaya. Na aika masa sau biyu, bai amsa ba, ni ma zuciya ta ɗebe ni ban yi na uku ba. Ta rasu ba ta ji ba. Mun tsaya a sahu ɗaya mun sallace ta, kafaɗata tana taɓa tasa, ba wanda ya ce da wani uffan. In kuna neman abin da nake kuka a kansa a wannan labari, to shi ne wannan aike na uku da ban yi ba. Dokar kuwa ban taɓa yin nadamarta ko na yini ɗaya ba.

Na buɗe ɗan shagon maganin dabbobi a hanyar tasha, na koma sana'ata. Da damina ta zagayo, wata safiya ina share gaban shago sai ga mai zemijan, babur ɗin haya, ya tsaya, ya ce in hau, ana nemana a mayanka, rigima ta tashi. Na tarar da taro. Likitar da aka turo garin, wata mata 'yar Kara mai suna Madam Esso, tana tsaye ita kaɗai da ma'aunin zafi a hannu, mahauta sun kewaye ta suna hayaniya. A tsakiya ga wani bijimi fari, ƙato, wanda Yaya ya sayo da kansa daga Sinkase don wani babban biki. Ta ce jikinsa da zafi, numfashinsa bai yi mata ba, ba za a yanka ba sai an jira. Mahauta suna cewa gajiyar mota ce, wasu har sun ɗaure masa ƙafa. Kowa yana jiran Sarkin Fawa ya zo ya nuna wa doka iyakarta, kuma na gane an kira ni ne don in ga wulaƙancin da idona.

Yaya ya iso, taro ya dare. Bai kalli likitar ba, bai kalle ni ba. Ya zagaya bijimin sau ɗaya, ya kama kunnensa, ya ɗaga leɓensa, ya dafa cikinsa ya daɗe. Sannan, karo na farko cikin fiye da shekara, ya kira sunana.

"Isufu. Zo ka duba."

Na duba. Idona bai yi shakka ba. Na ce, "Yaya, saifa ce." Wani ɗan baffanmu ya matso yana cewa a yi maza a sa wuƙa tun yana da rai, asarar ta yi yawa. Yaya ya juya ya dube shi, kallon da na sani tun ina yaro.

"Duk wanda wuƙarsa ta taɓa san nan, ya nemi wata mayankar. Ku kwance shi ku ja shi bayan gari. Ku kawo diga da shebur. Likita, ki nuna musu zurfin da kike so."

Kafin a gama haƙa ramin bijimin ya faɗi da kansa, baƙin jini yana zuba ta hanci, a gaban idon kowa. Na ga manyan mahauta suna goge hannu a riga suna ja da baya, kowa yana lissafin gidaje nawa naman nan zai shiga. Da aka rufe ramin mutane suka watse, muka rage ni da shi a gindin wata ɗorawa. Ya zauna a kan saiwa, ya nuna mini gefensa, na zauna. Ya daɗe yana kallon sabuwar ƙasar.

"Kada ka ɗauka takardarka ce ta gane ciwon nan. Tun daga ƙofa na gane shi."

"Na sani, Yaya."

"Shekara da shekaru ina ganin abin da yaran nan suke yi da kamiyon arewa. In na yi magana, uwar wannan gwaggona ce, wancan yana auren 'yata. Ba ni da bakin hana su. Yau na samu." Sannan ya ce, "Amma da ka fara zuwa wurina."

Na ce gaskiya ne. Iyakar abin da muka taɓa faɗa kenan a kan maganar har ya koma ga Allah. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Kujerar da doka ta ba Sarkin Fawa a kwamitin mayanka kuwa ya zauna a kanta har tsufa ya hana shi fita, kuma likitocin da aka yi ta turowa sun fi tsoronsa fiye da shugabanninsu na Lome, domin biyu daga cikinsu shi ya kama su da hannu a aljihun mahauci ya sa aka ɗauke su.

An sake zuwa mini da maganar takara bayan wasu shekaru, har Mesiye Ayite ya aiko, na ce na gode, na yi nawa. Madam Damigu tana Dapaong, ta tsufa, takan kira ni duk salla ta tambayi lafiyar Hajiya, har yau tana ce mata "shi". Jaririyar nan da na gani ana ba ta kunu da cokali ita ta raine ta, yanzu tana koyon aikin jinya.

Ku kuwa abin da nake so da ku kaɗan ne. Gidan Yaya Salifu gidanku ne, 'ya'yansa yayyenku ne, kada wanda ya riƙe su da abin da ya wuce tsakanin iyaye. In Allah ya ɗora wa ɗayanku wani aiki na jama'a, ya ga gaskiya a gabansa, ya yi ta ko da gida za ta taɓa. Amma kafin ya je ko'ina, ya cire takalmi ya shiga zauren yayansa ya gaya masa da bakinsa. In an kore shi ya koma, in an sake korarsa ya sake komawa, tun masu son su ji muryoyinku tare suna da rai.